Biyu Suka Hau, Ɗaya Ya Sauko

4 ga Maris

Zuwa ga ɗana, Faston Gobe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da littattafanka masu kauri kamar bulo. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta shiga yajin aiki tun watan jiya. Likita ya ce in rage nauyi. Na ce masa, abin da na tara a duniya ke nan, in na rage me zan bar wa magada? Mamarka tana gaishe ka. Idonta ya yi sauƙi, har ta koma hango laifina daga nesa kamar da.

To, ubanka ya yi abin kai. Ka san ajin maza da muke yi kafin sujada, a ɗakin nan na bayan majami'a mai fanka ɗaya wadda ba ta juyawa sai ta ga baƙo. Lahadin da ta wuce mura ta shaƙe muryar Hedimasta, sakataren ikilisiyarmu, shi ke koyar da mu. Sai ya miƙo mini Littafi ya ce in karanta, wai ni ne mai murya. Wannan kam gaskiya ne. Shekara talatin da ɗaya ina kwandasta a babbar bas, in na kira fasinja har na tashar gaba yana ɗaukar jakarsa. Amma karatu, ka san a aji huɗu ni da makaranta muka sallami juna. Da yatsa nake bi.

Wurin shi ne Farawa sura ashirin da biyu, inda aka ce wa Ibrahim ya miƙa Ishaku hadaya. Na sha jin labarin tun ina da gashi a ka, amma ban taɓa karanta shi da bakina ba. Mai karatu da yatsa kuwa ba ya tsallake komai. Ga kuma cutar aikina: ba na iya ganin mutane sun kama hanya ban ƙirga su ba. Mutum huɗu suka bar gida, in ka sa jaki biyar. Aka bar barori biyu a ƙasa. Uba da ɗa suka hau, har sau biyu Littafi yana cewa tare suke tafiya. Aka yi abin da aka yi, mala'ika ya yi kira, rago ya shiga uku. Sai na zo aya ta goma sha tara, na ga Ibrahim ya koma wurin barorinsa, sun tashi sun tafi. Na tsaya. Na mayar da yatsa baya. Na ce, "Jama'a, ina Ishaku?"

Hedimasta ya ce da muryar kwaɗo, "Ci gaba da karatu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, biyu suka hau, ɗaya ya sauko. A wurin aikina in aka tsaya cin abinci aka dawo da saura mutum ɗaya, ba a tayar da mota."

Maza suka fashe da dariya, Mai Walda har ya zamo daga benci. Da na tsaya nan, da an ce Kwandasta ya yi abin da ya saba. Amma ka san bakina ba birki. Na ce ni a ganina, ɗan da ya kwanta a ɗaure ya hango wuƙa a hannun ubansa, ba zai sake jerawa da shi a hanya ba. Na ce wataƙila Ibrahim ya ci jarrabawa amma ya rasa ɗa. Na ce wataƙila ma ba wannan amsar ake nema daga gare shi ba. Dariya ta ɗauke kamar wutar lantarki.

Fasto ya ce yana son ganina. Kai da kake cikin manyan littattafai, duba mini, ko akwai wanda ya gano inda aka bar mutumin nan.

Na ba Ba-Birki direba wasiƙar nan, ya ce motarsa tana bi ta ƙofar makarantarku.

Naka,
Baba

15 ga Maris

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na gode wa Allah da jin kuna lafiya. Ka riƙa shan maganin gwiwar yadda aka ce, ba sai ta kumbura ba. A gaishe da Mama. Ni ma lafiya.

Baba, wasiƙarka ba ta ba ni dariya ba. Ba kowane wuri ne ake wasa ba. Rashin ambaton sunan Ishaku a aya ɗaya ba ya nufin an bar shi a kan dutse. Labarin a kan Ibrahim yake, shi ya sa aka bi shi. Kuma a cikin surar nan da ka karanta, Allah da kansa ya yabe shi saboda bai hana ɗansa ba. Ikilisiya ta daɗe tana koyarwa cewa abin da ya yi bangaskiya ce, kuma hoto ne na abin da Uba zai yi daga baya. Ba mu za mu fara gyara wannan a bencin baya ba.

Wataƙila ba ka sani ba, takardar shaidata tana hannun Hedimasta tun watan jiya. Sai majalisar dattawan ikilisiyarmu ta sa hannu cewa na fito daga gida mai riƙe da sahihiyar koyarwa kafin a karɓe ni cikin waɗanda za a keɓe bana. Dole ta iso nan kafin ƙarshen Mayu.

Shekara huɗu na yi a nan, Baba. Kai ka kawo ni. Don Allah kada ka mayar da su abin ba'a.

Ɗanka

27 ga Maris

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta koma aiki rabin yini. Mamarka lafiya, sai dai tun da na karanta mata wasiƙarka take ajiye mini kwano da ƙarfi.

Na karanta ta sau uku. Ka iya rubutu, har na ji kamar gwamnati ce ta aiko mini. Ban san takardarka tana hannun Hedimasta ba. Da na sani, da mura ta kama ni ni ma.

Ranar Laraba na bayyana gaban majalisa a ofishin Fasto. Mutum bakwai a bayan tebur, ni ɗaya a kan kujerar yara ta makarantar Lahadi, gwiwa a haɓa. Na shiga da niyyar in ce wasa nake yi. Wallahi da niyyar na shiga. Sai Hedimasta ya ce, "Mutumin da bai gama aji huɗu ba, me ya sani a kan Ibrahim?" Na ce, "Ranka ya daɗe, harafi kam ka fi ni. Amma na kai mutane gari-gari shekara talatin, na san gidan da aka yi faɗa tun daga yadda suke sayen tikiti."

Don kuwa na ci gaba da karatun a gida, yatsana har ya yi baƙi. Ga abin da na gaya musu. Bayan dutsen nan, Ibrahim ya zauna a gari ɗaya. Sura ta gaba, Saratu ta mutu a wani gari dabam, sai zuwa ya yi ya yi makokinta. Ishaku kuma daga baya a wani wurin aka same shi. Uba a nan, uwa a can, ɗa a can. Na bi da yatsa har inda aka binne Ibrahim, ban ga inda shi da ɗansa suka sake yin magana ko kalma ɗaya ba. Ko maganar auren ɗan ma bawa ya kira ya aika.

Na kuma ce, Ibrahim ɗin nan, da aka ce za a hallaka Saduma, ya tsaya yana ciniki da Allah kamar fasinja mai neman ragi, daga hamsin har ya sauko goma, saboda mutanen da ba nasa ba. Da aka zo kan ɗansa, ko "a yi haƙuri" bai ce ba. Sammako ma ya yi. Na ce ni dai ina zaton Allah yana jira ne ya ji uban ya buɗe baki.

Fasto, mutumin kirki ne, ya ce a hankali, "Amma an yabe shi, Baba." Na ce, "Na gani, Fasto. An yabe shi. Yabon dai bai cika masa gida ba."

Hukunci: an dakatar da ni daga cin Jibin Ubangiji, zan riƙa zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Wannan bai dame ni ba, can iska ta fi shiga. Amma sun ce Lahadin ƙarshe ta Afrilu zan tsaya gaban jama'a in janye maganata, in ce ruɗu ne. In na yi, su sa hannu a takardarka. In ban yi ba, a cewar Hedimasta, ba zai iya shaida abin da bai gani a gidanmu ba.

Yanzu bari in ajiye wasa, ko da yake in na ajiye shi ban san me zan riƙe ba. Kana shekara bakwai zazzaɓi ya kusa ɗauke ka. A barandar asibiti na yi wa'adi: in ka tashi, na ba da kai ga aikin Ubangiji. Ban tambayi mamarka ba. Kai ma ban tambaye ka ba, ko da ka girma. Ka ci jarrabawar makarantar koyon gyaran injuna, ka kawo mini takardar kana murna, na ninke ta na sa a aljihu na ce an riga an yi magana. Da kaina na sa ka a motarmu, kujera ta biyu bayan direba. Yini guda muna tafiya ba ka ce mini komai ba, ni kuwa ina ta ba fasinja dariya. Daga ranar ba ka kwana a gidan nan ba. Kowane hutu akwai aikin gwaji, akwai taro, akwai wani abu.

To da na tsaya a aya ta goma sha tara, ba Ishaku nake nema ba.

Abin da na faɗa, na gaskata shi. Amma takardar taka ce. In ka ce in janye, zan janye. In ka ce in tsaya, zan tsaya. Wannan karon tambayarka nake yi. Ka amsa kafin ranar.

Ubanka

19 ga Afrilu

Ɗana,

Gaisuwa. Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

Mako uku ke nan. Kullum da safe ina zuwa tasha, har masu sayar da ruwa sun fara ce mini ko aikin zan koma. Na ce musu a'a, wasiƙa nake jira daga wani babban malami. Ba-Birki ma ban gan shi ba, an ce yana kan hanya.

Mamarka ta ce in ƙyale ka, shiru ma magana ce. Na sake ɗauko wasiƙarka ta farko. Ka ce shekara huɗu ka yi, kada in mayar da su abin ba'a. Ina jin amsar ke nan, ni ne dai mai taurin kai nake neman a maimaita mini. Ba laifi. Mutum ba zai so ya rubuta wa ubansa da hannunsa cewa je ka yi ƙarya a majami'a ba. Na sauƙaƙa maka.

Na ba mai guga babbar rigata. In mutum zai ci kunya, gara ya ci ta da tsabta.

Wannan ta gidan waya na aiko.

Baba

6 ga Afrilu

Baba,

Ina gaishe ka da Mama. Lafiyata ƙalau, sai dai kwana biyu ban shiga aji ba.

Kada ka janye.

Na je ɗakin karatu na ƙirga yadda ka ƙirga. Haka yake. Malamanmu suna da amsoshi, na san su duka, zan iya jera maka su a jarrabawa in ci. Wasu ma ina ganin suna da ƙarfi, ban ce ka yi daidai a komai ba. Amma shekara huɗu ina karanta surar nan, duk lokacin da na zo wurin da ɗan yake tambayar ubansa ina ɗan ragon, sai in rufe Littafi in fita. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Wasiƙata ta farko, ba don ka yi kuskure na yi fushi ba. Na yi fushi ne don ka taɓa wurin kana dariya, maza suna faɗowa daga benci. Na ɗauka har wannan ma abin ba da labari ne a wurinka. Da na ce kai ka kawo ni, ba godiya nake yi ba, Baba.

Ban ƙi ka ba. Na kasa zama ne kusa da kai muna cin abinci kamar babu komai, kana ba'a, ina murmushi. A nan aƙalla ba sai na yi murmushi ba.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Da na karanta cewa wataƙila ba za su sa hannu ba, sai na ji numfashina ya sauka har ciki, irin wanda ban yi ba tun ranar motar nan. Ban san ko ina son aikin nan ba. Wata rana ina tsaye ina koyar da yara sai in ji kamar don shi aka yi ni. Wata rana injin ba da wuta na makaranta ya lalace, in yini a kansa, in manta da cin abinci. Ban taɓa samun sarari in sani ba, domin kullum an riga an yi magana. In takardar ba ta zo bana ba, zan sami shekara ɗaya da ba ta wa'adin kowa ba. Ni ba ni da ƙarfin halin da zan ce musu a'a da bakina. Ka tsaya a kan maganarka, ka bar ƙofar ta rufe da kanta.

Na gode da ka tambaye ni.

Zan ba Ba-Birki gobe in ya biyo.

Ɗanka

2 ga Mayu

Ɗana,

Gaisuwa. Gwiwa lafiya. Mamarka lafiya. Sauran kuma ga shi.

Wasiƙarka ta shida ga Afrilu ta iso ranar Talata, kwana biyu bayan Lahadin. Motar Ba-Birki ta kwanta a hanya, ya yi kusan mako uku a garejin wani ƙauye yana jiran a kawo ƙarfe, wasiƙarka tana cikin aljihun ƙofa tare da tsumman mai. Ya kawo mini ita har gida yana washe baki, ya ce, "Kwandasta, ga saƙon Fasto, ba a makara ba ko?" Na ce masa a'a, ya zo daidai. Na ba shi ruwa.

Na janye, ɗana.

Bari in ba ka labarin, tun da ba abin da na iya sai shi. Bayan waƙa ta biyu Fasto ya kira ni. Daga bencin ƙarshe zuwa gaba tafiya ce, ban taɓa sanin majami'armu tana da tsawo haka ba. Hedimasta ya rubuta mini abin da zan faɗa, da manyan baƙaƙe saboda matsayin ilimina. Na karanta da yatsa. Na ce ruɗu ne da girman kai suka sa na yi magana a kan abin da ya fi ƙarfina. Na ce Ibrahim bai yi kuskure ba ko kaɗan, kuma duk uban kirki zai yi koyi da shi. Muryar nan tawa da ake ji a tashar gaba, sai da wata tsohuwa ta ce a ɗaga. Na ɗaga. Na maimaita wurin uban kirki.

Aka tafa mini. Shekara nawa ina ba mutanen nan dariya ba su taɓa tafa mini ba, sai ranar da na yi musu ƙarya. Mai Walda kaɗai bai tafa ba, yana kallon takalminsa. Fasto ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ina jin ya gane. Na karɓi Jibi, na koma wurin zamana.

Mamarka ba ta je ba. Ranar Talata na karanta mata wasiƙarka tana tsaye a bakin madafa, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har wurin da ka ce ba godiya kake yi ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Sau biyu ke nan kana kai shi inda bai ce ba." Na buɗe baki in yi wasa, babu ko ɗaya a ciki. Karo na farko ke nan.

Ta yi gaskiya. Na tambaye ka, sannan na amsa maka da kaina. Na yi zaton wannan karon ni na kwanta a madadinka, ashe igiyar na ƙara ja.

Na yi tunanin in koma in ce musu na janye janyewar. Ka san zan iya, kunya ta riga ta gama da ni. Amma in na yi haka, na sake yanke maka ke nan, sau uku. Ka ce in bar ƙofa ta rufe da kanta. Ba za ta rufe ba yanzu, kuma ko da ta rufe, da ni ne na rufe ta, ba kai ba. Ka yi haƙuri, abin da ka ce ba ka da ƙarfinsa shi ya rage.

Ga takardar a cikin ambulan ɗin nan. Ban bar Hedimasta ya aika wa makaranta ba, na ce ni zan kai gidan waya, sai na rubuta sunanka a bayanta maimakon na shugabanku. Hannu bakwai da hatimi, babu abin da ya rage. Ba wanda ya san tana wurinka sai ni da mamarka. Kana da har ƙarshen wata. Ka miƙa ta, ko ka ajiye ta sai baɗi, ko ka goge hannunka da ita in ka gama da injin. Ba zan tambaye ka ba. In dattawa suka tambaye ni, zan ce wataƙila na ba Ba-Birki, kowa zai yarda.

Maganar wa'adi kuwa, ni na yi shi, a baranda, da bakina. Kai kana kwance ba ka san inda kake ba. In akwai wanda za a tuhuma a kansa, ni ne, kuma na fara zuwa gaban Ubangiji ina yin bayani. Ban iya addu'a mai tsari ba, ciniki nake yi. Ban san ko ana saurarona ba, amma aƙalla na buɗe baki.

Ban ce ka zo gida ba. Ba ni da fuskar cewa haka. Amma ka rubuta wa mamarka wasiƙa tata ita kaɗai, ka sa a gidan waya. Maƙwabciya za ta karanta mata, ba sai ta bi ta bakina ba. Ita ba ta yi wa kowa alkawari da kai ba, kuma ita ma shekara huɗu ta yi.

Ubanka